Hannu Huɗu, Suna Ɗaya

Muchia, Sabon Gari, Zariya
Litinin, 3 ga Yuni

Zuwa ga Anti Rhoda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya sanyin Ingila? Mu nan lafiya lau, sai godiya ga Ubangiji. Kaka tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ƙafarta ta daina kumburi.

Kin ce tunda in kin kira waya ba na iya cewa komai sai "to", in riƙa rubuta miki a takarda ina ɗaukar hoto ina turawa. Ga shi na fara. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro tun jarrabawar aji shida.

Ranar Alhamis Nas Diana ta zo daga asibitinsu na Samaru da injin awon hawan jinin da kika sa a kawo wa Kaka. Ta haɗa shi da wayar Kaka. Yawancin bayanin ke ta yi wa a waya, da Turanci. Ni abu uku ta nuna mini: yadda ake ɗaura shi a damtse, botin ɗin da ake dannawa, da cewa kada Kaka ta yi magana in yana awo. Na ukun nan shi ne mai wuya. Ta ce daga can Samaru za su riƙa lura da Kaka, ba sai mun riƙa hawa keke napep zuwa can ba. Ban gane yadda za su yi ba, amma na ji kunyar tambaya.

Ina auna ta da safe kafin ta sha koko. Littafina na lissafi yana da sauran shafuka, a ciki nake rubuta lambobin. Yau 131 bisa 82.

(Shafi na biyu)

Anti, injin nan ya zama abin kallo a gidan nan. Kin san gidan haya. Da ya fara ƙugi sai Maman Nedu ta leƙo, wadda take sayar da busasshen kifi a kasuwa, ta ce, "Keziya, gwada ni ma, kaina yana sara tun jiya." Sai ga Iya Tolu mai ɗinki. Sai Baba Sati, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasan nan, ya naɗe hannun rigarsa ya zauna yana jira. Na kalli Kaka. Ta ce in gwada su mana, turminta ma gidan nan kaf a ciki ake daka, balle abin da ba ya ƙarewa.

To yanzu kullum in na gama da Kaka sai in auna su ukun, in rubuta wa kowa nasa a shafinsa, don Baba Sati yana son ya san ko ya fi Iya Tolu lafiya. In akwai laifi a haka ki gaya mini.

Na je na ga makarantar da kika ce zan shiga a watan Satumba. Kusa take, da ƙafa zan riƙa zuwa.

'Yarki,
Keziya


Laraba, 5 ga Yuni

Keziya 'yata,

Na ga takardarki, a tsaye na karanta ta lokacin ɗan hutun aiki. Rubutunki yana da kyau, ki daina jin kunya. 131 bisa 82 daidai ne ga mai shekarun Mama. Ki ci gaba a haka. Magani kullum da safe, gishiri kaɗan, magi rabi. Ki gaishe mini da Mama da mutanen gida.

Antinki,
Rhoda


Juma'a, 14 ga Yuni

Keziya,

Ina fata kun tashi lafiya. Ni dai ban tashi lafiya ba.

Nas Diana ta kira ni jiya. Ta ce cikin mako biyun nan sau bakwai kwamfutarsu tana nuna ja a kan sunan Mama. Jinin ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, na san abin da ke kawo haka. Ko ana ba da magani yau a manta gobe, ko kuma miya tana shan gishiri. Ta ce ta kira ta tambaye ki ko kina ba da maganin kullum, kika yi shiru, can kika ce "to". "To" amsa ce?

Babanki ɗan ƙanen mahaifina ne, don na yarda da gidanku na ɗauko ki daga Kachia ki zauna da mahaifiyata. Ba wasa na kawo ki ba. Hawan jini yana shanye rabin jikin mutum a rana ɗaya. Ki gaya mini gaskiya, kwana nawa kika tsallake?

Rhoda


Muchia
Asabar, 15 ga Yuni

Anti Rhoda,

Ina gaisuwa. Kaka lafiyarta ƙalau, yanzu haka tana baranda tana tsince wake tana faɗa da kajin Iya Tolu.

Na karanta saƙonki sau uku. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska don kada Kaka ta gani. Yanzu zan amsa miki.

Ban taɓa tsallake magani ba ko na rana ɗaya. Ga hoton katin maganin nan, ki ƙirga ramukan da kanki. Kuma ba miƙa mata nake yi in tafi ba, tsayawa nake sai ta haɗiye, don ran nan na kama ta tana shirin ƙulle shi a gefen zane.

Gishiri kuwa, tun da na zo gidan nan ban ci miya mai daɗi ba, don tukunya ɗaya muke ci. Kaka har ƙarata ta kai gaban matan zumunta a coci, wai ina ba ta miyar asibiti. Suka yi ta dariya, ni ina sunkuye. A nan ana ce mini mai rowar gishiri, ke kuma daga can kina ce mini mai yawan gishiri. Wanne zan ɗauka?

Ranar da Nas Diana ta kira ina tsakiyar wanke-wanke. Tambaya uku ta jero, rabi da Turanci. Kafin in haɗa amsar ta farko ta kai ta uku, ana kuma kiranta ta bayanta, ta ce sauri take yi. Haka bakina yake, ke ma kin sani, shi ya sa kika ce in riƙa rubutu. Da ta ɗan jira ni da na gaya mata.

Ga na Kaka na makon nan daga littafina. Litinin 129 bisa 80. Talata 134 bisa 84. Laraba 128 bisa 79. Alhamis 132 bisa 81. Juma'a 130 bisa 83. Ke kika ce 131 daidai ne. To ina jan yake? Ni ina zaune kusa da Kaka, hannuna a kan hannunta. Nas Diana tana Samaru, ke kina Ingila. Amma ni ce wadda ba ta san abin da ke faruwa ba.

Ki yi haƙuri in na yi rashin kunya. Raina ne ya ɓaci.

Keziya


Laraba, 19 ga Yuni

Keziya,

Na ga lambobin da kika rubuta. Ni kuma Nas Diana ta turo mini mafi muni daga cikin na kwamfuta. Laraba 12 ga wata, da safe, 192 bisa 110. Ke kin rubuta 128. Inji ba ya ƙarya, kuma ba ya tsoron a yi masa faɗa. Ban ce da gangan kika yi ba. Wataƙila ba ki iya karanta shi ba ne.

Tunda kin ce kina ba da maganin kullum, likita ya ce wanda take sha bai isa ba. Ya ƙara mata wani, gobe za a kawo daga asibiti. Ƙwaya ɗaya da safe tare da tsohon.

Zan faɗa miki abin da na yanke. In wata ya ƙare ban samu natsuwa ba, zan kira babanki ya zo ya ɗauke ki, in nemo babbar mace ta zauna da Mama. Batun makaranta sai mu ajiye shi tukuna. Uwa ɗaya gare ni.

Rhoda


Muchia
Alhamis, 20 ga Yuni

Anti Rhoda,

Ina gaisuwa. Kaka tana lafiya. Don Allah ki karanta wannan yau, kada ki ajiye.

Ni ce ta biyu a lissafi a ajinmu, mu hamsin da huɗu. Na san bambancin 128 da 192. Da na ga lambar da kika rubuta sai na ji kamar na taɓa ganinta. Na buɗe littafina, na wuce shafin Kaka, na je shafin Maman Nedu. Laraba 12 ga wata, 192 bisa 110. Ga hoton nan.

Na tuna ranar ma. Maman Nedu ta yi shewa ta ce kullum ita ce ta ɗaya a gidan nan. Baba Sati ya ce mata, "Madam, wannan ba irin ta ɗayan da ake so ba ce." Ta ce wahalar kasuwa ce kawai, ta sha fanado ta ɗauki kwandonta ta fita.

Anti, ashe duk wanda na ɗaura wa injin nan, sunan Kaka yake tafiya da shi Samaru? Ba wanda ya gaya mini haka. Na ɗauka ya san mai shi, tunda an ce mai wayo ne. Ba wanda ya gaya mini lambar da take da haɗari ma. Kuma tun a takardata ta farko na gaya miki ina auna mutanen gida, na ce in da laifi ki faɗa. Kika ce in ci gaba a haka.

An kawo sabon maganin ɗazu. Na gaya wa Kaka ba jininta ba ne ya hau. Ta ce, "Likita ya ce in sha, Rhoda ta ce in sha, ke da takardar aji shida za ki ce kada in sha? Miƙo mini ruwa." Ta sha.

Na daina auna kowa sai Kaka. Maman Nedu ta ji haushi, ta ce daga yau kada in sake zuwa aron rariyarta. Na ce mata ta je asibiti, ta ce wa zai zauna mata a rumfa.

Ki kira Nas Diana ki gaya mata. Ke za ta saurara.

Keziya


Muchia
Laraba, 26 ga Yuni

Anti Rhoda,

Ina gaisuwa. Wannan karon ba zan ce Kaka tana lafiya ba, don ba ta lafiya.

Kwana shida ke nan. Waya ta nuna takardata ta isa gare ki, amma shiru. Na kira ki sau biyu ba ki ɗauka ba.

Tun ranar Asabar Kaka take cewa ƙasa tana juya mata in ta miƙe. Ranar Lahadi ba ta iya tsayawa waƙa a coci ba, ita da ba ta taɓa zama ana waƙa ba. Jiya da safe ta tashi daga kujera za ta ɗauki buta a bakin famfo, sai na ji tim. Girarta ta fashe a kan siminti. Maman Nedu, wadda kwana biyar ba ta amsa gaisuwata, ita ta fara isowa da gudu ta ɗauke ta kamar jaririya. Iya Tolu ta yago sabon ƙyalle ta ɗaure wurin. Ba zurfi, amma idon ya kumbura.

Ga lambobinta. Asabar 108 bisa 66. Litinin 98 bisa 60. Yau 94 bisa 58. Kullum ƙasa suke yi.

Na kira lambar asibitin. Wani ya ɗauka, na ce sunana Keziya. Ya ce, "Yarinya, ba wa babba wayar." Na ce babbar tana kwance. Ya ce in ta tashi ta kira. Ya kashe.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Jiya da yamma, Kaka tana kwance da ɗaurarren goshi, saƙo ya shigo wayarta daga Nas Diana. Wai madalla, tun da aka fara sabon magani ja bai sake fitowa ba, a ci gaba da sha. Ina ja zai fito, bayan na daina auna mai jan? Na karanta wa Baba Sati. Ya girgiza kai ya ce an bar jaki ana dukan taiki.

Kaka har yanzu tana sha. Ban ɓoye maganin ba, don ni ba likita ba ce, kuma in na ɓoye za a ce ga shi, dama tana tsallakewa. Saura kwana huɗu wata ya ƙare. In za ki kira babana ki kira shi. Amma ki fara karanta takardata.

Keziya


Muchia
Juma'a, 28 ga Yuni

Anti Rhoda,

Ina gaisuwa. Kaka da sauƙi. Har yanzu ba ki amsa ba, amma zan gaya miki abin da na yi, don kada ki ji a bakin wani.

Jiya da safe na auna Kaka, 90 bisa 55. Ta ce ko koko ba ta so. Na bar ta wurin Iya Tolu, na sa littafina a leda saboda ruwan sama, na taka zuwa tashar PZ na hau keken Samaru. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. 'Yan jami'a biyu da ke cikin keken suna ta hira, ni ina ta maimaita abin da zan faɗa a zuciyata. Da na isa duk ya gudu.

Matar da ke teburin shiga ta ce, "Ina katinki?" Na ce ba ni ce mara lafiyar ba. Ta ce, "To ina mara lafiyar?" Na ce tana gida. Ta ce, "Ke aka aiko? Ba babba a gidanku?" Mutanen da ke kan benci suka juyo suna kallona. Na ce Nas Diana nake nema. Ta ce in zauna.

Na zauna tun ƙarfe tara har aka kira sallar azahar a masallacin da ke bayan asibitin. Sau biyu Nas Diana ta wuce ta gabana da sauri, ba ta gane ni ba, ni kuma ban tare ta ba. A na ukun na tuna ƙarar faɗuwar Kaka. Na tashi na tsaya a tsakiyar hanya, har ta kusa ture ni.

Ta ce, "Lafiya, ƙanwata?"

Na kwance ledar. Sai na buɗe littafin na miƙa mata. Na ce, "Goma sha biyu ga wata. Ki duba naki."

Ta kalli shafin Kaka, ta juya ta ga an rubuta Maman Nedu a sama, ta sake juyawa ta ga Iya Tolu, ta ga Baba Sati. Ta ce, "Su wane ne waɗannan?" Na ce maƙwabta. Ta kama hannuna ta ja ni wani ɗaki mai kwamfuta.

Anti, sunaye ne cike da allon, ta ce mutum ɗari biyu da wani abu take lura da su ita kaɗai. Masu ja ne kawai suke hawowa sama. Ta danna sunan Kaka, ta nemo ranar. Ga su a jere. Ƙarfe bakwai da minti biyar, 128. Da minti tara, 192. Da minti goma sha biyu, 117. Da minti goma sha shida, 141. Ni ina karanto nawa daga littafi, shafi bayan shafi, ita tana bi da yatsa. Ko ɗaya bai saɓa ba.

Ban san inda na samu bakin ba, na ce, "Wane mutum ne jininsa zai yi haka cikin minti goma?"

Ta sake kallon allon. Ta gangara ƙasa ta ga na makon nan, 98, 94, 90. Ta dafe baki. Na gaya mata Kaka ta faɗi. Ta fita da gudu, ta dawo da likita. Ya duba, ya ce a tsayar da sabon maganin nan take, a kawo Kaka yau. Sannan ya ɗora yatsa a kan 192 ya ce, "Ita kuma mai wannan tana ina?" Na ce tana kasuwa tana sayar da kifi. Ya ce, "A kawo ta kafin tsohuwar ma."

Nas Diana da kanta ta bi ni a mota. Sai da aka yi rigima kafin Maman Nedu ta bar rumfa, tana cewa ita lafiyarta lau. Da aka auna ta a asibiti 201 ne. Sun kwantar da ita. Kaka an duba ta, an ƙara mata ruwa, mun dawo gida da yamma.

Yau ta sha koko har ta ce bai ji sukari ba.

Keziya


Asabar, 29 ga Yuni

Keziya 'yata,

Ina fata kin huta. Na yi magana da Mama ɗazu, muryarta ta dawo, har ta yi mini faɗa. Nas Diana ma ta kira ni ta gaya mini komai.

Ba zan ce aiki ne ya hana ni ba, ko da yake aikin ya yi yawa. Na ga takardunki sun shigo. Fushi nake yi da ke, na ce kare kanki kawai za ki yi, sai ranar hutuna zan buɗe. Kwana takwas mahaifiyata tana shan maganin da ba nata ba, amsar tana cikin aljihuna.

A wurin aikinmu, in abu ya lalace, ana sa mutum ya zauna ya rubuta: me ya faru, me na yi, me ya sa na yi haka, me zan sauya. Ba don a hukunta shi ba, don kada a maimaita. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan. Yau na zauna na yi wa kaina. Na koma takardarki ta farko, sai na ga hoto biyu ne. Na farkon kawai na buɗe a ranar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a shafi na biyu, da turmin Mama da komai, har kin ce in da laifi in gaya miki.

A gidan nan na Muchia aka haife ni. Na san ba abin da ke shiga ɗakin Mama ya zama nata ita kaɗai. Amma da na sayi injin sai na yi tunani irin na nan Ingila, inda kowa yake rufe ƙofarsa. Da aka ce ja, ban tambayi hannun wa ba, sai na tambayi laifin wa. Na kuma zaɓi wadda na san ba za ta iya mayar mini da magana ba.

Ki yafe mini. Ki gaya mini abin da kike so in aiko miki da shi.

Antinki,
Rhoda


Muchia
Asabar, 6 ga Yuli

Anti Rhoda,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Kaka ta warware, kumburin ido ya sauka, sai ɗan tabo. Ta koma tsohon maganinta shi kaɗai. An sallamo Maman Nedu ranar Talata da nata maganin. Ta aiko mana da kifi, ta ce in zo in ɗauki rariyar duk lokacin da nake so.

Na yafe miki. Kaka ta ce dole ne, amma ko ba ta ce ba zan yafe. Sai dai ban daina jin haushi ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na daina ba.

Ranar Alhamis Nas Diana ta zo, ba da sauri ba. Ta zauna a tabarma ta sha kunu. Ta ɗauki injin ta juya gefensa, ta nuna mini wani ƙaramin botin mai hoton mutum biyu. Ta ce na baƙo ne. In an danna shi, injin zai auna mutum amma ba zai aika Samaru ba. Anti, botin ɗin nan yana wurin tun ranar farko. Kullum ina goge shi da tsumma. Kaka ta fasa goshi saboda abin da ba zai ɗauki minti ɗaya a nuna mini ba.

Ta kuma rubuta mini lambobin haɗari, na sama da na ƙasa, na liƙa a bango. Sannan ta fito da takarda ta ce ita ma tana rubuta irin abin da kika ce, za ta karanta a taronsu na ma'aikata. Ta karanto mini: ta kalli ja ba ta kalli lokaci ba, ba a saita kwamfutar ta nuna ja in jini ya yi ƙasa ba, ba ta tambaya mutum nawa ne a gidan ba. Ta ce yanzu tana bin sauran gidajen, har ta samu wani a Samaru da miji da mata suke awo da suna ɗaya.

Ta ce, "Keziya, me na manta?"

Na yi shiru. Ita kuma ta jira, har Kaka ta ce, "Ke, ana tambayarki." Nas Diana ta ce, "Bar ta, Mama, ba inda za ni."

Na ce, "Ki rubuta cewa kin yi wa Anti bayani a Ingila, ni da zan danna botin ɗin ina tsaye kusa da ke."

Ta rubuta. Na leƙa na gani da idona.

Kin ce me za ki aiko mini. Ba na son komai. Wannan takardar ma shafi biyu ce.

(Shafi na biyu)

Na Kaka na makon nan: 127 bisa 80, 130 bisa 82, 133 bisa 81, 129 bisa 79, 131 bisa 83. Hannunta ne, na tabbatar.

Wata ya ƙare tun ranar Lahadi. A takardarki ba ki ce komai ba a kan babana, ba ki ce komai ba a kan makaranta. Kayana suna ɗaure a ƙarƙashin gado tun 19 ga wancan watan. In kwance su ko in bar su?

'Yarki,
Keziya


Asabar, 6 ga Yuli

Keziya 'yata,

Da shafi na biyu na fara.

Ki kwance kayanki. Ranar Litinin ki je wurin Iya Tolu ta auna ki, ta ɗinka miki kayan makaranta kala biyu. Ki tsaya a kanta ta rubuta sunanki a jikin awon, kada ta ɗinka miki na Maman Nedu.

Antinki,
Rhoda